Kwanson soja ya yi yawa, firaima ta yi ƙaranci

Tun daga 2020, lokacin da Amurkawa suka sayi bindigogi sama da miliyan 20 cikin shekara guda har harsashi ya ɓace daga kantuna, masu sake cika harsashi a gida suka koma wa kwanson da soja suka harba. Na'urar buɗe gurbin firaima, wadda a da sai ƙwararru ke ajiye ta, ta zama kayan kowa. Ana kiran wannan tsimi. A ganina tsoron rashi ne, kuma na'urar ba ta taɓa inda ciwon yake ba.

Tushen abin yana Lake City, masana'antar harsashin sojan Amurka da ke Independence a jihar Missouri, wadda kamfanin Winchester ke gudanarwa tun 2020. Harsashin 5.56 da 7.62 da take yi, ana matse bakin gurbin da firaima ke zama, wato ɗan maɓallin gindin harsashi da ke tada wutar albarushi. Dalili shi ne kada firaimar ta fice ta faɗa cikin bindiga mai sarrafa kanta ta cije a fagen daga. Ga soja dabara ce mai kyau. Ga mai sake cikawa kuwa, in ya juya kwanson zai ga wani siririn zobe kewaye da gurbin, kuma muddin zoben na nan, sabuwar firaima ba za ta zauna daidai ba: ko ta lanƙwashe, ko ta shiga a karkace.

Kwanson nan ba ya yankewa. Soja na gwanjon wanda suka harba, masana'antar kuma na sayar wa farar hula rarar abin da ta ƙera. A watan Maris na 2009 ma'aikatar tsaro ta ce a riƙa lalata shi kafin sayarwa. Sanatocin Montana biyu, Max Baucus da Jon Tester, suka taka mata burki, cikin 'yan kwanaki ta janye. Kayan aikin cire zoben kuwa iri biyu ne: ga masu danna tagullar ta koma mazauninta, irin Super Swage 600 na kamfanin Dillon, ga masu yanke zoben da ɗan kaifi.

Sai dai abin da ya yi wuya a 2020 da 2021 firaima ce, ba kwanso ba. Manyan masu yin ta a Amurka huɗu ne, Federal da CCI da Remington da Winchester, kuma kowanne harsashinsa yake fara ciyarwa kafin ya sayar da ragowa. Remington ma a 2020 ya karye. Mutum sai ya kwana yana gyara bokiti guda na kwanso, ba shi da abin sa wa a ciki.

Masu kare al'adar na cewa kwanson soja na da ƙwari, yana jure cikawa sau da yawa, ga araha. Haka ne, ga wanda ya san hannunsa. Amma sababbin shiga su ne suka fi yawa a wannan guguwar. Wanda ya zarce wajen yanka, gurbin zai yi sako-sako, iskar harbi ta tsiyayo ta baya. Kwanson 7.62 na soja kuma ya fi na kasuwa kauri, cikinsa ya fi ƙunci, don haka awon albarushin da ke lafiya a na kasuwa yana iya haura ƙa'ida a na soja.