Awon Gubar Dalma a Ruwan Sha da Matsalar Bayyana Sakamakonsa da Hausa

1.0 Gabatarwa

Da ido da hanci da harshe Bahaushe yake yi wa ruwa hukunci. Shi ya sa kalmomin da ya tanada, irin su garai-garai da gurɓatacce da zartsi, duk ga kama ko ɗanɗano suke nuni. Dalma kuwa idan ta narke a ruwa ba ta da launi balle wari. Wannan maƙala ta dubi yadda ake auna ta, da yadda ya dace a shaida wa mai rijiya a unguwa irin Chaza ta garin Suleja abin da awon ya nuna.

Batun ba na nesa ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta kashe 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, jihar da Suleja take ciki. Ƙurar dutsen zinariya ce babbar hanyar gubar a wuraren biyu, amma takan gangara har cikin rijiyoyi da kududdufai.

2.0 Yadda Ake Awon

Akan ɗebi ruwan cikin tsabtatacciyar kwalbar roba, a ɗiga masa asid domin kada dalmar ta manne a jikin kwalbar. A ɗakin gwaji na'ura takan ƙone ɗigon ruwan, ta ratsa haske cikin tururinsa. Gwargwadon hasken da dalmar ta zuƙe, gwargwadon yawanta, bayan an kwatanta da ruwan da aka riga aka san dalmar da ke cikinsa.

3.0 Matsalar Fassara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyakar dalma a ruwan sha a kan miligiram 0.01 cikin kowace lita. Wannan adadi dangantaka ce tsakanin nauyin guba da yawan ruwa. Kalmar kauri takan fara zuwa a rai, sai dai ta fi dacewa da kunu, inda ido ke shaida. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Ruwan ya gurɓace.
(2) Dalmar ruwan ta zarce giram 1 cikin jarka 4,000 masu cin lita 25.

Jimla ta (2) doguwa ce, amma ita ce ta riƙe ma'anar, ta kuma zo da ma'aunin da mai sayen ruwan 'yan garuwa ya sani. Wanda aka faɗa wa jimla ta (1) zai tafasa ruwan ya sha, alhali tafasawa ba ta fitar da dalma, sai ma ta ƙara yawanta cikin ruwan da ya rage a tukunya.