3.4 Buɗin Wasa a Dara da Ces

Kamar yadda aka ambata a baya, dara wasa ce ta mutum biyu. A birnin Zariya, akan haƙa gidajenta talatin a ƙasa, wato layi biyar mai gida shida-shida, a inuwar bishiya ko a ƙofar zaure. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya 12, ɗaya tsinke, ɗaya kuma tsakuwa. Kafin a fara tafiya, sai kowa ya dasa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ya jera uku a lokacin dasawa ba. Wannan mataki shi ne buɗin dara, kuma a nan ne gwani yake cin wasa tun ba a motsa ɗa ko ɗaya ba. Zai ajiye 'ya'yansa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai-komo tsakanin gidaje biyu, duk motsi ya cika uku ya ci. Wanda ya bari aka kafa masa wannan tarko, sai dai ya zauna yana kallon 'ya'yansa suna ƙarewa.

Ita kuwa ces, wadda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suke bugawa, tana kuma cikin wasannin gasar jami'o'in Nijeriya (NUGA) da aka fara a Ibadan a 1966, gidajenta 64 ne, kowa da 'ya'ya 16 a jere tun farko. Saboda haka buɗinta ba dasawa ba ne, fito da mayaƙa ne don mallakar tsakiyar fage. Mai farare yakan tura dakaren gaban sarki gida biyu. Idan mai baƙaƙe ya yi haka shi ma, ana iya shiga buɗin Ruy Lopez, sunan wani limamin Kirista ɗan Sifen da ya yi rubutu a kansa a 1561. Idan kuwa ya kauce ya tura dakaren layin "c", an shiga kariyar Sisiliya ke nan, wadda ta fi zafi.

Wani muhimmin bambanci shi ne rubutu. A gasar ces dole ɗan wasa ya rubuta kowane motsi, ga agogo yana ci masa lokaci, don haka ɗalibi yakan haddace buɗi daga littafi. Dabarun dasa dara kuwa suna kan dattawa ne kawai, yaro yana ɗaukarsu ta hanyar tsugunawa a gefe yana kallo. A ganin wannan nazari, ba zurfin tunani dara ta rasa ba, marubuta ta rasa. Wasan tsatsarandi na Barno, ɗan'uwan ces ne da ya zo ta hannun Larabawa, abin da ya rage game da dokokinsa yawanci shi ne ɗan abin da Turawa suka rubuta a shekarun 1930.