Hayaƙi Mai Tsawa: Wa Ya Gano Mafaɗar Ruwan Biktoriya?

Duk wanda ya doshi iyakar Zambiya da Zimbabuwe a watan Afrilu, tun daga nisan kilomitoci masu yawa zai hango wani farin hayaƙi ya turnuƙe sama, kunnensa kuma na jiyo rugugi kamar na aradu. Kogin Zambezi ne yake zubowa daga kan dutse mai faɗin mita 1,708, yana faɗawa cikin kwazazzabo mai zurfin mita 108. Feshin ruwan shi ne hayaƙin, ƙarar faɗuwarsa ita ce tsawar. Shi ya sa mutanen yankin suka raɗa wa wurin suna Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa.

To amma mai karatu, in ka buɗe yawancin littattafan makaranta, abin da za ka tarar shi ne wai Bature ɗan ƙasar Sikotilan, David Livingstone, shi ya gano wannan mafaɗar ruwa a watan Nuwamban 1855, ya kuma sa mata sunan Sarauniyar Ingila, Biktoriya. Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya baƙo zai gano abin da 'yan gari suka tashi suna gani tun kaka da kakanni? Sarkin Makololo, Sekeletu, shi ya ba Livingstone 'yan rakiya, kuma mutanen yankin ne suka tuƙa shi cikin kwalekwale har tsibirin da ke bakin gangaren, inda ya leƙa ya gani. Yau sunansa ne a kan tsibirin da kuma garin da ke kusa, su kuwa matuƙan an manta da su.

Tun kafin zuwansa, al'ummar Toka-Leya na zaune a gefen ruwan, suna girmama shi, suna gudanar da al'adunsu a wurin, har yau kuma masarautar Mukuni na nan daram. Masu binciken kayan tarihi ma sun tono makaman dutse da ke nuna cewa ɗan Adam ya rayu a wannan yanki tun dubban shekaru.

Sauya sunan ya zo da sauya mallaka. Cecil Rhodes, mai burin shimfiɗa layin dogo daga Kef zuwa Alƙahira, ya so jirgin ƙasa ya ratsa ta kusa da mafaɗar. Ya mutu a 1902 bai ga cikar burinsa ba, amma an kammala gadar a 1905. Daga nan otal-otal suka biyo baya, garin Livingstone ya zama hedikwatar Rodeshiya ta Arewa daga 1911 har zuwa 1935, lokacin da aka koma Lusaka. Su kuma 'yan ƙasa suka zama 'yan dako da masu sassaƙa kayan tsaraba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan samun 'yancin kai, Zambiya ta sa wa gandun dajin da ke gefenta suna Mosi-oa-Tunya, kuma a 1989 hukumar UNESCO ta shigar da wurin cikin kayan gadon duniya da sunayen biyu. Wannan abin yabo ne, sai dai mayar da suna bai isa ba matuƙar ba a ba masu wurin bakin magana ba.

Dalili kuwa shi ne, akwai sabuwar jarrabawa a gaba. Ƙasashen biyu na shirin gina madatsar ruwa a kwazazzabon Batoka, kimanin kilomita 50 a ƙasan mafaɗar, domin samar da wutar lantarki megawat 2,400. Buƙatar wutar gaskiya ce, musamman ganin yadda farin 2024 ya rage ruwan madatsar Kariba, ya jefa Zambiya cikin duhu. Amma masu sana'ar yawo da baƙi a kwalekwalen roba na fargabar tafkin zai shanye igiyoyin ruwan da suke ci da su. Tarihi ma bai bar mutanen kogin cikin natsuwa ba, domin sa'ad da aka gina Kariba a ƙarshen shekarun 1950, an tashi 'yan ƙabilar Tonga kimanin 57,000 daga gonakinsu da kaburburan kakanninsu, kuma da yawa cikin jikokinsu sun shafe shekaru ba su ga hasken wutar ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko a gina madatsar ko a fasa, wajibi ne a fara jin ta bakin mutanen gaɓar kogin, a kuma fayyace rabonsu cikin kuɗin shigar masu yawon buɗe ido. An yi musu ƙwacen suna a 1855, an tashi 'yan'uwansu ƙarni guda bayan haka. Bai kamata gwamnatocin da suka zaɓa da hannunsu su yi musu na uku ba.