Mawaƙi Da Labarinsa: Tsokaci Daga Boɗinga Zuwa Shagari

Hausawa kan ce suna linzami ne, kuma babu sana'ar da wannan magana ta fi tabbata a kanta kamar waƙa. Murya mai zaƙi ba ta yi wa ƙasar Hausa ƙaranci ba, amma waɗanda sunansu ya rayu bayan ƙasa ta rufe idonsu ƙalilan ne. A ganina, abin da ya raba su da saura shi ne kowannensu ya gina wa kansa labarin da jama'a za su riƙe shi da shi.

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari, ya bi ta ƙasar da mawaƙi bai taɓa samun daraja a ɓagas ba. A Sifawa, cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga. Dukkansu sun yi rubutu a kan hukuncin kiɗa, Malam Abdullahi ya fi tsanantawa. A ƙasar da malamai ke da irin wannan murya, makaɗi kuma ana kiransa maroƙi, dole mai sana'ar ya nemo hujjar da za ta sa a saurare shi da mutunci. Daga wannan buƙata ce dabarun gina suna suka taso.

Dabara ta farko ita ce laƙabi. Adamu Wayya ya rasa iyayensa tun yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya rene shi. Bai ɓoye maraicin ba, ya mayar da shi suna, ya zama Ɗanmaraya Jos. Da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, talaka kuma ya yarda da shi, domin sunan ya riga ya shaida cewa mai waƙar ya san wuya. Har ya rasu a 2015 labarin bai sauya ba.

Ta biyu ita ce gari. Mai karatu ya duba: Musa Ɗanƙwairo Maradun, Sa'idu Faru, Kassu Zurmi, Maidaji Sabon Birni. Kowa ya rataya garinsa a wuya, ya yi waƙa da karin harshen da ya sha a nono, Sakkwatancin bai hana Bakano ko Bazazzagi haddace waƙoƙinsu ba. Mutanen Shagari sun fi kowa sanin ƙarfin wannan al'ada, domin ta sunan Alhaji Shehu Shagari, malamin makarantar da ya rubuta Waƙar Nijeriya kafin ya mulki ƙasar daga 1979 zuwa 1983, duniya ta san garinsu.

Ta uku ita ce ubangida. Ibrahim Narambaɗa ya jingina da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru kuma ya tsaya a fadar Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo a Talatar Mafara, tun kafin Macciɗon ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1996. Fada ta ba su ci da sha da sutura, amma lura da kyau, ba su narke a cikin iyayen gidansu ba. Sa'idu Faru ya kira kansa malamin waƙa, wato ya ari rigar da wannan ƙasa ta fi girmamawa ya saka wa sana'arsa.

Ta huɗu ita ce bakandamiya, waƙar da mawaƙi ke wasa kansa a cikinta, ya faɗi asalinsa da fifikonsa a kan abokan sana'a. Narambaɗa yana da tasa. Mamman Shata, wanda bai gaji kiɗa ba, ya yi amfani da tasa wajen kafa wa kansa asalin da gado bai ba shi ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

To, ina matsalar take a yau? Matashin da ke Boɗinga ko Shagari zai iya naɗar waƙa a situdiyo, ya ɗora ta a YouTube ko TikTok ba tare da ya durƙusa a wata fada ba. Wannan ci gaba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa ke jefar da karin harshensu, su ari na Kano, su ari laƙabin wani, sannan su ɗora dukkan sunansu a kan ɗan siyasa guda. Siyasa kuwa inuwar gajimare ce. Ko sarauta ma tana juyawa: Naziru M. Ahmad ya sami Sarkin Waƙar Sarkin Kano daga Muhammadu Sanusi na Biyu a 2018, da aka sauke Sarkin a 2020 ya ajiye sarautar. Jama'a ba su daina kiransa Sarkin Waƙa ba, saboda waƙoƙinsa sun riga sun tsaya da ƙafarsu. Wanda ba shi da abin da ya wuce yabon gwamna, ranar da gwamna ya sauka ranar ce tasa ta ƙare.

Shawarata ga masu tasowa ita ce su fara da abin da yake nasu na gaskiya: garinsu, harshensu, wahalar da suka sha, da mutanen da suka san zafinsu, manomi ne ko ɗan kasuwa ko makiyayi. Labarin aro kamar kayan aro ne, ba ya rufe katara. Mu kuma 'yan boko da ke ɗaukar mawaƙa a bukukuwanmu da tarukan siyasarmu, muna da namu alhakin. Idan yabo kaɗai muke saye, yabo kaɗai za a sayar mana, jikokinmu kuma ba za su sami wani Narambaɗan da za su yi nazari a jami'a ba. Allah Ya sa mu gyara.