Ruwan Ɗumi a Sana'ar Ginin Tukwane Lokacin Hunturu: Bayani Daga Yankin Sharabi na Ƙasar Bagudo

Tsakure

Maƙalar ta dubi wata matsala da ba a cika kawowa a rubuce-rubucen sana'o'in Hausawa ba, wato sanyin ruwan da magini ke aiki da shi a lokacin hunturu. An bayyana dalilin da ya sa jiƙaƙƙen hannu ke daskarewa da sauri a busasshiyar iska, da hanyoyin da ruwa ke rasa zafinsa, da tasirin ruwan ɗumi ga yumɓu. Daga nan aka kawo dabarun adana ɗumin ruwa da kayan da ake samu a karkara, tare da haɗurran da ya kamata a kiyaye.

Fitilun kalmomi: ginin tukwane, hunturu, yumɓu, ruwan ɗumi, Bagudo

1.0 Gabatarwa

Sharabi na cikin mazaɓar Sharabi/Kwanguwai ta Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi. Ƙasar Bagudo tana kan Kogin Kwara, ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen garuruwa irin su Tsamiya da Lolo. Yanki ne na fadamu da noman shinkafa, inda Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da wasu al'ummomi ke cuɗanya. Fadama takan samar wa magini abubuwa biyu: yumɓu daga ƙasa, da buntun shinkafa bayan girbi. Za a ga amfanin na biyun a gaba.

A ƙasar Hausa ginin tukwane aikin rani ne. Sai an kau da amfanin gona ake samun sukuni, kuma sai sama ta ɗauke ake iya shanya tukwane a gasa su a fili. Sai dai farkon wannan lokaci ya yi daidai da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ke nan watannin da magini ya fi buƙatar hannunsa su ne watannin da hannun ya fi shan wuya. Wadda ke gina tulu ko randa ko kasko domin ranar kasuwa, idan sanyi ya cinye mata safiya, ko kaushi ya tsattsage mata yatsu, to abincinta ne ya ragu, a zamanin da roba da dalma suka riga suka karɓe wani babban kaso na cinikinta.

2.0 Ginin Hannu da Ginin Faifai

Ginin gargajiya a ƙasar Hausa na hannu ne. Ana kifa tsohuwar tukunya a lulluɓa mata yumɓu a daddaɓe shi ya ɗauki siffarta, sa'annan a ɗora wuya da baki da murɗaɗɗen yumɓu, a shafe da jiƙaƙƙen tsumma ko ganye. A nan ruwan da ake buƙata kaɗan ne, galibi wajen kwaɓi da gyaran baki.

Ginin faifai kuwa, wato wanda ake ɗora curin yumɓu a kan faifai mai juyawa a ja shi sama da yatsu, baƙo ne. Baturen Ingila Michael Cardew, wanda ya zo Nijeriya a 1950, shi ya kafa cibiyar koyar da shi a tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne ya ga tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954 a matsayin mace ta farko, ta ƙware a ginin faifai ba tare da ta bar na hannu ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. A yau ana koyar da wannan fasaha a sassan zane da ƙira na manyan makarantu, har da na jami'ar da ke Zariya.

Bambancin da ya shafi wannan maƙala shi ne, mai ginin faifai ba ya rabuwa da ruwa. Yumɓu na juyawa a tsakanin tafukansa, in babu santsi sai ya kama fata ya murɗe. Saboda haka yakan tsoma hannu a ruwa sau da dama kafin ya gama ƙoƙo guda. Matsalar ta fi tsanani a gare shi, amma dalilanta da maganinta ɗaya ne da na mai ginin hannu.

3.0 Dalilin Daskarewar Hannu

Bahaushe ya bambanta sanyi da ɗari: sanyi yakan zo da laima, ɗari kuwa busasshe ne, shi ne na hunturu. Wannan bambanci yana da tushe a kimiyya. Iskar hunturu tana tasowa daga Sahara ba ta ɗauke da danshi. Laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma da asuba ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 15 ko ƙasa da haka. Busasshen hannu yana iya jure wannan. Jiƙaƙƙe ne ba ya iyawa, saboda dalilai biyu.

Na farko, ruwa ya fi iska jan zafi daga jiki da wajen ninki 25. Na biyu, kuma shi ne babba, duk ruwan da ya bushe a kan fata ba ya tashi sai ya tafi da zafi. Kowane giram guda na ruwa da ya koma tururi yana ɗauke wajen jul 2,400. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon saurin tashinsa. A lissafi, iskar da ke digiri 15 da laima kashi 20 tana iya sanyaya jiƙaƙƙen abu har zuwa wajen digiri 6. Jini ba ya barin hannu ya kai can, amma jiki yakan tsuke jijiyoyin yatsu domin ya tsare ɗumin ciki. Sakamakon haka yatsu su yi nauyi, ji ya ragu.

Wannan ba ƙaramin rashi ba ne ga magini, domin da yatsu yake auna kaurin bangon tukunya, ba da ido ba. Hannun da ya daina ji zai bar gefe guda da kauri, ɗaya gefen siriri, kuma irin wannan tukunya ce ke fashewa wajen shanya ko a wuta. Bugu da ƙari, yumɓu yana tsotse maiƙon fata, jiƙewa da bushewa a kai a kai kuma su haifar da kaushi da tsagewa.

4.0 Inda Zafin Ruwa Ke Tafiya

Lita guda ta ruwa tana buƙatar wajen jul 4,180 kafin ta hau digiri ɗaya, kuma sai ta rasa daidai wannan kafin ta sauka digiri ɗaya. Zafin kan fita ta ƙofofi uku manya. Akwai ta sama, ta hanyar tururi: idan giram 10 kacal, wato kimanin ƙaramin cokali biyu, suka tashi daga lita guda, ragowar ta sauka da kusan digiri 6. Akwai ta ƙasa, inda gindin mazubi ke taɓa daɓe ko siminti mai sanyi. Akwai kuma ta gefe, inda iska ke kaɗa jikin mazubin.

A nan ne wani abin lura ya fito. Mazubin da ya fi kusa da hannun magini, wato tulu ko randar da ya gina da kansa, shi ne mafi munin wurin ajiye ruwan ɗumi. Tukunyar ƙasa tana da ƙananan kafofi da ruwa ke tsattsafowa ta ciki, iska ta busar da shi, zafi ya tafi. Wannan shi ne sirrin sanyin ruwan randa. A kansa ne Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Abin da ya zama alheri ga mai tumatir a bazara shi ne asarar magini a hunturu.

5.0 Dabarun Adana Ɗumi

5.1 Juya dabarar tukunya biyu

Ana iya kifar da hikimar Bah Abba ta yi akasin aikinta. A sami babbar tukunya ko kwando ko tsohon bokiti, a shimfiɗa busasshen buntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko toka a ƙasa, kaurin yatsu huɗu. A zaunar da mazubin da ba ya tsattsafo, kamar kwanon sha ko tukunyar dalma, a cusa buntun kewaye da shi, a rufe da murfi, a ɗora tsumma. Iskar da ke maƙale a tsakanin buntu ba ta motsi, ba ta kuma ɗaukar zafi da sauri. Sharaɗi ɗaya ne: kada buntun ya jiƙe, domin da ya jiƙe ya koma sanyaya ruwan.

5.2 Raba ma'aji da ƙoƙon aiki

Ruwan da ake tsoma hannu ba ya rufuwa, don haka dole ya huce. Hikima ita ce a ajiye tafasasshen ruwa a rufe, cikin filas ko kula ko ma'ajin da aka bayyana, a riƙa sirkawa kaɗan-kaɗan a ƙoƙon aiki. Lissafin mai sauƙi ne: kashi ɗaya na tafasasshen ruwa da kashi uku na ruwa mai digiri 18 suna ba da wajen digiri 38, daidai da ɗumin jiki. Filas mai lita biyu ke nan zai samar da lita takwas. Ba a kuma buƙatar hura wuta ta musamman. Wadda aka hura da asuba domin ruwan alwala ko na koko ta wadatar. Ƙoƙon aikin ya kasance mai zurfi da ƙaramin baki, a ɗora shi kan katako ko buhu, ba kan daɓe ba.

5.3 Ɗumama yumɓun kansa

Sau da yawa ba ruwan ne ke da laifi ba. Curin yumɓun da ya kwana a tsakar gida ya fi ruwan ƙoƙo nauyi, kuma shi hannu ke riƙe da shi a kowane lokaci. A naɗe shi a leda, a rufa buhu, ya kwana a ɗaki. Haka nan kare wurin aiki da zana ko asabari ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, yana taimakon hannu da ruwa da tukunya gaba ɗaya.

6.0 Tasirin Ruwan Ɗumi ga Yumɓu

Ruwan ɗumi ba ya ɓata yumɓu, amma yana sauya halinsa wajen aiki. Ruwa mai digiri 40 ya fi mai digiri 10 tsinkewa da kusan ninki biyu, saboda haka ya fi saurin ratsa bango ya tausasa shi, ya kuma fi saurin bushewa a sama. Wanda ya ji daɗin ɗumi ya yawaita yayyafi zai tarar da bangon ya saki, ko ruwa ya taru a gindi. Gindin da ya jiƙe fiye da baki ba zai bushe tare da shi ba. Da yake yumɓu yana tsukewa yayin bushewa, sashen da ya riga ya tsuke zai ja wanda bai tsuke ba, tsaga ta biyo. Maganin shi ne a yi amfani da ruwan laka mai ɗan kauri maimakon tsuran ruwa, domin ya fi daɗewa da santsi, a tsane gindi da soso, a kuma rufe sabuwar tukunya a inuwa ta bushe a hankali.

7.0 Abubuwan Kiyayewa

Rigakafi ya fi magani. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, kuma daskararren hannu ba ya jin zafi da wuri. A gwada da gwiwar hannu kafin a tsoma yatsu. Shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa yana tara iskar guba marar launi da wari, wadda kan kashe mutum bai farga ba. Hitar lantarki da ake tsomawa a bokiti kuwa ba ta dace da wurin da hannu da ƙasa suke jiƙe ba. A tafasa ruwa a wani wuri, a cire ta daga wuta kafin a taɓa. Bayan an tashi aiki, a wanke hannu, a tsane shi sosai, a shafa man kaɗanya.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa wahalar magini a hunturu ta fi alaƙa da bushewar iska fiye da saukar ma'aunin zafi, kuma tururi shi ne babbar ƙofar da ɗumi ke fita. Ta nuna cewa murfi, da busasshen buntu, da raba ma'aji da ƙoƙon aiki, da kwanar da yumɓu a ɗaki, sun isa su mayar wa magini da sa'o'in safiyarsa ba tare da ƙarin itace ba. Duk waɗannan kaya suna nan a Sharabi da maƙwabtanta. Abin da ya rage ga masu nazarin sana'o'i shi ne su zauna da magina a lokacin hunturu, su tattara kalmomi da dabarun da suke tunkarar ɗari da su, tun tsofaffin da suka san su suna raye.