Minshari da Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci: Wace Na'ura Ce Ta Dace da Gidajenmu?

A gidajenmu minshari abin raha ne. Yara kan kwaikwayi na kakansu, matafiya kuma kan yi wa abokin tafiya tsiya da shi idan gari ya waye. Amma akwai minsharin da ba na dariya ba ne, kuma uwargida ce ta fi kowa saninsa: maigida zai yi ta jan minshari, sai ya yi tsit kamar an yanke, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, can sai ya zabura da wani irin gurnani, ya koma barci bai san abin da ya faru ba. Wasu kan ɗauka dannau ne, wasu su ce gajiya ce. Likitoci kuwa sun san ciwo ne, sunansa a Faransanci apnée du sommeil, wato ɗaukewar numfashi cikin barci.

A 'yan shekarun nan na'urar maganin wannan ciwo ta fara shigowa gidajenmu, daga Aouda zuwa Sokode har Dapaong, wani ɗansa ne ya aiko masa daga Jamus ko Amurka, wani kuma likita ya rubuta masa a Lome. Tambayar da ake yawan yi ita ce: ta wane kamfani ce ta fi? Amsar da za mu bayar a nan ita ce, sunan da ke jikin kwali ba shi ne abin dubawa na farko ba. Na'urar da ta fi ita ce wadda za ta ci gaba da aiki a ɗakinka bayan shekara uku, da irin wutarmu da irin ƙurarmu.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki. Ga wasu sakin kan yi yawa har hanyar iska ta toshe. Idan toshewar ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, likita yana lissafa ta sau ɗaya. Sau 5 zuwa 15 cikin awa guda ciwo ne mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani ne. Kowace toshewa tana rage iskar da jini ke ɗauka, tana firgita zuciya, tana kuma katse barci ko da mai shi bai farka sarai ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya kwana awa takwas amma ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, tashin Asuba ya zame masa dutse, ya yi gyangyaɗi a shago, ya yi gyangyaɗi liman na huɗuba. Ciwon yana tafiya da hawan jini mai ƙin jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya.

Mu a nan akwai abin da ya ƙara masa nauyi. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu direbobi ne a kan babbar hanyar da ta tashi daga Lome zuwa Cinkassé. Direban da ke ɗauke da wannan ciwo, ya ɗauko babbar mota ya nufi duwatsun Aledjo da barci a idonsa, ba ransa kaɗai ya ɗauko ba.

Yadda na'urar ke aiki

Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro dabarar a birnin Sidni, ya kuma bayyana ta a 1981. Ƙaramin inji ne ke zuƙo iskar ɗaki, ya tace ta, ya turo ta ta tiyo zuwa wata takunkumi da ake ɗaurawa a hanci, ko hanci da baki. Ƙarfin iskar ne ke tokare maƙogwaro ya hana shi rufewa. Masu Turanci na kiranta CPAP, masu Faransanci kuma PPC. Ba iskar asibiti ta cikin tulu ba ce, kuma ba ta warkar da ciwon. Daren da aka ajiye ta, toshewar ta dawo.

Iri uku ne. Akwai mai ƙarfi ɗaya tak wanda likita ya saita. Akwai mai daidaita kanta, wadda ke ƙara ƙarfi idan ta ji hanya na neman toshewa, ta rage idan ta buɗe; ma'auninta kan kama daga 4 zuwa 20. Akwai kuma mai ƙarfi biyu, ɗaya na shaƙa ɗaya na fitarwa, wadda ake ba wa masu wasu larurori na musamman. Ga wanda ke nesa da likita, mai daidaita kanta ta fi sauƙin zama da ita, amma ko ita sai likita ya sa mata iyaka. Don haka gwaji ne farko, saye daga baya. Ana yin gwajin ne da wata 'yar na'ura da mutum zai kwana da ita dare guda, tana lissafa numfashi da iskar jini. A fara da asibitin yanki na Sokode ko na Dapaong, a nemi a tura mutum wurin likitan huhu, kamar waɗanda ke asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio a Lome.

Kamfanonin da bambancinsu

ResMed, wanda aka kafa a Ostireliya a 1989, shi ne ya fi yaɗuwa. AirSense 10 ta fito a 2014, AirSense 11 kuma a 2021. Ba su da ƙara, tukunyar ruwan da ke jiƙa iska a jikinsu take, kuma saboda yawansu a duniya matatarsu da tiyonsu sun fi sauƙin samu. Ta 10 da maɓallin murɗawa ake sarrafa ta, ta 11 kuwa da shafa gilashi, abin da kan ba dattijo wahala. Da wuta mai ƙarfin bolt 24 suke aiki, don haka ba a haɗa su da batirin mota kai tsaye sai da na'urar canji ta musamman. Kamfanin yana da wata 'yar ƙarama ta tafiya, AirMini, mai nauyin giram 300, wadda ta dace da maniyyaci ko ɗan kasuwa mai yawan tafiya. Sai dai an yi ta ne don wasu takunkuman kamfanin kaɗai, kuma ba ta da tukunyar ruwa.

Philips Respironics shi ne wanda za mu daɗe a kansa, domin a nan haɗari yake. A watan Yuni na 2021 kamfanin ya yi kiran a dawo da miliyoyin na'urorinsa da aka ƙera kafin 26 ga Afrilu na wannan shekara, cikinsu har da DreamStation ta farko da System One. Dalili kuwa shi ne wani soso da aka sa a ciki don rage ƙara yana iya ruɓewa ya marmashe, mai barci ya shaƙi ɓurɓushinsa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa zafi da laima suna gaggauta ruɓewar. Duk wanda ya san zafin Dapaong a watan Maris da Afrilu, da laimar damina a Sokode, ya san wannan gargaɗi da mu ake. A 2024 kamfanin ya dakatar da sayar da sababbin na'urorin barci a Amurka, ya kuma amince da biyan dala biliyan 1.1 don sasanta ƙarar masu cewa sun cutu, ba tare da ya amsa laifi ba. DreamStation 2 da wani irin soso daban aka yi ta, kuma tana da fa'idar aiki da bolt 12 irin na batirin mota. Amma kowa ya san inda kayan da Turai ta yar suke ƙarewa. Idan an kawo maka tsohuwar Philips, juya ta ka karanta ranar ƙira da lambarta, a bincika ko an gyara ta. Idan babu tabbaci, ko ka ga baƙin ɓurɓushi a tiyo, kada ka sa ta a hancinka.

Fisher & Paykel na ƙasar Niyu Zilan ya yi suna wajen jiƙa iska da kuma takunkumai masu laushi. Na'urarsa SleepStyle tana da daɗi ga mai fama da bushewar hanci lokacin hunturu. Rauninta a wurinmu shi ne da wutar bango take aiki; mai son haɗa ta da batir sai ya nemi injin juya wuta.

Löwenstein na Jamus yana da jerin da ake kira prisma, kuma ana iya cire tukunyar ruwansu a ajiye, abin da ke rage cin wuta. Sefam na Faransa yana da S.Box. Waɗannan biyun su ne 'yan'uwa mazauna Turai kan ambata. A lura da abu guda: a Faransa yawanci haya ake ba wa majiyyaci na'urar, ta kamfanin da ke kula da shi ce, ba tasa ba. Aiko da irin wannan cin amana ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

BMC da Yuwell na ƙasar Sin su ne masu sauƙin kuɗi. Aikin tokare maƙogwaro suna yin sa, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi sabuwar ta Sin mai takardar garanti ta fi tsohuwar ta Turai da ba a san tarihinta ba. Abin tambaya shi ne ko mai sayarwa yana da matata da takunkumi na canji a hannu, da kuma wa zai gyara idan ta tsaya.

Ma'auni huɗu kafin a biya kuɗi

Na farko wuta. Yawancin waɗannan na'urori suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ta Amurka ma za ta yi aiki da 220 ɗinmu idan an canza mata kan fulogi. Matsalar ita ce ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi. A sa mata na'urar daidaita wuta, a kuma tanadi batir. Injin kansa ba ya cin wuta sosai. Dumama ruwa da dumama tiyo su ne ke shanye batir. Daren da ake kan batir ko hasken rana, a kashe su.

Na biyu ƙura. Littafin masana'anta kan ba matata watanni kafin a canza ta, amma ba da hazon Disamba da Janairu aka yi wannan lissafi ba. A duba ta kowane mako, a sayi da yawa tun ranar sayen na'ura, a ɗora injin bisa tebur, a rufe shi da ƙyalle da rana. Ruwan da ake zubawa a tukunya kuwa tataccen ruwa ne na kantin magani. Kada a kuskura a zuba ruwan batir na bakin tasha, domin wani da guba a ciki.

Na uku takunkumi, kuma a nan ne mafi yawan masu ajiye na'ura ke karaya. Bakin tiyo na yau da kullum faɗinsa milimita 22 ne, saboda haka takunkumin wani kamfani na iya shiga injin wani. Ba dole ne su zama 'yan gida ɗaya ba. Mai gemu da gashin baki zai ga babbar takunkumi mai rufe hanci da baki tana zubar da iska, sai ya gwada ƙaramar da ke zama a ƙofar hanci kawai, ba sai ya taɓa gemunsa ba. Mai barci baki buɗe kuwa babbar ce tasa. Wasu takunkuman suna da maganaɗiso a maɗaurinsu; Philips da ResMed duk sun yi gargaɗi cewa kada mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya yi amfani da su, haka ma idan abokin kwanansa ne ke da ita.

Na huɗu kati. Kusan kowace na'ura tana da ɗan katin da ke rubuta awannin amfani da yawan toshewar da ta rage. Aika bayani ta iska kai tsaye wurin likita tsari ne da ya dogara da ƙasar da aka sayi injin. Daga Sokode zuwa Lome kusan kilomita 340 ne, daga Dapaong fiye da 600. Kati a aljihu ranar ganin likita ya fi alkawarin intanet. Tambayi likitan wace na'ura ce yake iya karanta katinta kafin ka zaɓa.

Maganar kuɗi

Sabuwar na'ura mai daidaita kanta a Turai takan kama daga Yuro 500 zuwa 1,000, wato sefa 328,000 zuwa 656,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Togo tun 2023 sefa 52,500 ne. Ban da wannan akwai takunkumi da ake canzawa a ƙalla sau ɗaya a shekara, da matata, da batir. Tsawon ran injin kansa kamar shekara 5 ne, kuma yana nuna adadin awannin da ya yi aiki, kamar yadda mota ke nuna kilomita. Mai sayen na hannu ya duba wannan. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Idan 'ya'ya za su haɗa kuɗi su saya wa mahaifinsu, su ware kashi ɗaya na kayan canjin shekara biyu, su aiko da su tare.

Bayan an saya, sai haƙuri. Makonnin farko da wuya, kuma amfanin ba ya bayyana sai ana sa ta kowane dare, a ƙalla awa 4, har da barcin rana. Rage ƙiba, kwanciya a gefe maimakon rigingine, da nisantar ƙwayoyin sa barci duk suna taimakawa. Yanke beli wurin wanzami kuwa ba ya buɗe wannan hanya.

Ya ke uwargida, ke ce mai gani, shi ba ya ganin kansa. Faɗa masa abin da kika ji cikin ladabi ba tona asiri ba ne, kulawa ce. Kai kuma maigida, jikinka amana ne a hannunka, kuma neman magani ba ya rage tawakkali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa barcinmu ya zama hutu, Ya tashe mu cikin ƙoshin lafiya da imani. Amin.