Sifirin Hagu Ba Kullum Ne Banza Ba

Tun muna ƙanana aka koya mana cewa sifiri in ya zo hagun lamba ba ya ƙara kome, watau 010 da 10 duk ɗaya ne. Ni ma haka na ke koya wa yara. Amma da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta, sai kwamfuta ta nuna mini inda maganar nan ba ta tsaya ba.

Kowace kwamfuta da ke haɗe da 'yan'uwanta tana da adireshi. Irin wanda aka fi sani, da aka tsara a 1981, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. To, wani ya rubuta adireshin kwamfutocin makarantar, ya cika su da sifiri domin layuka su yi daidai. Na kira 192.168.001.010 da umarnin ping, sai wata dabam ta amsa, mai 192.168.1.8. Na yini ina zargin waya, ashe laifin sifiri ne.

Ga dalili. Umarni da yawa, in sun ga lamba ta fara da sifiri, sai su ƙirga ta da lissafin takwas-takwas, ba goma-goma ba. A can 010 takwas ne. 008 kuwa sai su ƙi ta, gama babu 8 cikin wannan lissafi.

Maganinsa a share sifirin tun da wuri. A Bash, in ka rubuta $((10#010)) sai ta ba ka 10. In kuwa adireshin suna da yawa cikin fayil, wannan layi ya isa:

sed -E 's/(^|\.)0+([0-9])/\1\2/g' adireshi.txt

Ma'anarsa, duk sifirin da ke farkon layi ko bayan ɗigo a cire shi, muddin akwai lamba a bayansa. Ta haka 001 ya zama 1, 000 ya zama 0, 100 kuwa ba a taɓa shi ba. A kula, wanda ya share kowane sifiri ya mai da 100 ya zama 1.

Kada a raina abin nan. A 2021 sai da aka gyara harshen Python ya riƙa ƙin irin wannan adireshi, domin ɓarayi na iya wuce mai gadi da shi. 'Yan'uwana malamai, in muna koyar da sifiri, mu gaya wa yara da wane lissafi mu ke ƙirga.